Jinin da Na Kwaso a Wankin Raguna

A shekarun da aka daina lissafi da fam aka koma naira, ina sabon ango a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, sana'ata kuwa wankin raguna. Kada ku yi dariya, sana'a ce mai rai. Fatake kan sayo raguna a ƙauyuka, dukun-dukun kamar an tono su daga murhu, ranar Laraba su koro mini su. Ni kuma in shiga da su kududdufin bayan gari, ruwa har ƙugu, in cuɗe su da soso da sabulun salo, in shanya su a rana. Ranar Alhamis idan muka isa kasuwar Maigatari, ragon da na wanke ko tunkiyar da ta haife shi ba ta gane shi. Na taɓa wanke wani, mai shi ya zo ya taya shi da tsada bai san nasa ba ne.

Wata safiya na shiga makewayi zan yi wanka, sai na ga abin da ya sa buta ta suɓuce mini. Zan kira shi da sunansa, tunda shi ya sa na ɗauki alƙalami: jini na gani a cikin maniyyi. Ba shi da yawa, ɗan ja-ja ne kamar ɗigon zoɓo, amma a idona ya kai na yankan sa. Na ce a raina gajiya ce, zai wuce. Bai wuce ba. Ya tafi ya dawo, ya kuma zo da rakiya, don ƙarshen fitsarina ma ya fara yin ja, da ɗan zafi a mara.

Amaryata 'yar Gagarawa ce, mai ƙarancin magana, amma idonta ya fi na shaho. Ranar wanki ta ɗago wandona ta tsaya a gabana.

"Malam, wannan fa?"

"Ƙila ƙaya ce ta soke ni."

"Ƙaya," in ji ta. "A nan."

Ashe matan bakin rijiya sun daɗe da karantar da ita cewa namijin da ke zuwa Maigatari kowane mako, wata rana sai ya dawo da tsarabar da ba a ɗaurewa a ƙunshi, wato ciwon sanyi na matan bariki. Na rantse, na maimaita. Ta naɗe tabarmarta ta ɗauki matashinta ta koma ɗakin Inna, mahaifiyata, wai ƙafafun Inna na bukatar matsa. A bakin ƙofa ta juyo ta ce a hankali, "In ciwon Maigatari ne, ka faɗa mini in koma gidanmu tun ban ɗauka ba. In ba shi ba ne, a sami wanda ya sani ya faɗa."

Irin wannan magana ba a kai wa uba, ba a kai wa uwa. Taubashina na kai wa, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ya yi dariya har ya kwanta a kan yashi.

"Bawana, don wannan kake yawo kamar kazar da ruwa ya daka? Ka manta muna yara da muke jeruwa a bayan gari ana gasar wa ya fi jan fitsari? Wanda nasa fari ne ai ba ma wasa da shi, yaro ne. Wannan hailar maza ce. Mazantaka ce ta yi maka yawa take ambaliya."

"To je ka faɗa wa amarya haka."

"Ni? Ina son raina."

Ya kai ni wurin wanzami, aka ba ni sassaƙe mai ɗaci. Ɗacinsa, wallahi, akuyar da ta lashi ƙwaryar sai da ta yi kwana uku ba ta gaisa da kowa ba. Na sha har ya ƙare, jini yana nan, amarya tana ɗakin Inna. Nan na ɗaura niyya: asibitin Gumel zan je, ko da rarrafe.

Na hau motar gyaɗa, na isa da hantsi, na bi layi. Can gaba akwai taga, malamin asibiti na zaune yana tambayar kowa abin da ke damunsa kafin ya ba shi kati. Na shirya maganata tun daga gida, na haddace ta kamar Fatiha. Saura mutum ɗaya a gabana sai na ji an dafa kafaɗata.

"A'a, angonmu! Lafiya?"

Ƙanen mahaifin amarya ne, ya kawo ƙafarsa da ta kumbura. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙe, ga ni a bakin taga, ga surukina a bayana yana numfashi a ƙeyata.

"Me ke damunka, samari?"

"Ciwon kai," na ce.

Aka ba ni farar ƙwaya, na dawo gida da maganin ciwon da ba ni da shi. Taubashi ya ce in ajiye, zai yi mini amfani ranar da amarya ta tafi.

Wannan maganar ce ta ƙona ni. Na ari kekensa na fita da sassafe, don kada in haɗu da kowa a mota. Hanyar duk rairayi ce, wani wuri keke ya ɗauke ni, wani wuri ni na ɗauke shi, har muka isa Gumel ba a san wa ke bin wani godiya ba. Da na zo taga na leƙa baya, babu ɗan Gagarawa ko ɗaya. Na sunkuya na ce, "Malam, maganata ta likita ce, ba ta layi ba." Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba, ya nuna mini ƙofa.

Likitan dattijo ne mai furfura. Na rufe ido na faɗi komai a numfashi ɗaya. Da na buɗe, sai na ga ko gira bai ɗaga ba, kamar na ce masa an yi ruwa jiya. Ya tambaye ni ko na faɗo daga raƙumi ko jaki ya harbe ni a wurin. A'a. Ko ina zazzaɓi, ko mugunya na fita, ko na kusanci wata mace ban da iyalina. A'a, a'a, wallahi a'a. Ko fitsarina na ja a ƙarshe. E.

"Mece ce sana'arka?"

"Wankin raguna, ranka ya daɗe."

"A ina?"

"A kududdufi."

Sai ya ajiye biro ya yi murmushi. Ya ce jini a maniyyi abubuwa da yawa ke kawo shi: rauni, ko kumburi a hanyoyin da maniyyin ke bi, ko ciwon sanyi, ko tsargiya, a dattawa kuma wani lokaci babbar cuta ce ke ɓoye a ciki. Sau da yawa ga saurayi yakan zo ya wuce shi kaɗai. Amma in ya yi ta dawowa, ko ya zo da zafi, da zazzaɓi, da jini a fitsari, ko mutum ya fara manyanta, to ba abin zama a gida ba ne. Ya sa na jira har rana ta take, aka ba ni kwalba na kawo fitsari, aka duba a madubin likita.

Tsargiya ce. Ya ce wasu ƙananan tsutsotsi ne da ke fitowa daga katantanwar ruwan kwance, su huda fatar mutum su shiga, su zauna a jijiyoyin mara suna zuba ƙwai, ƙwan ne ke yanka hanya jini ya biyo. Abin da muke gasa da shi muna yara ke nan. In an bar shi yakan lalata mafitsara, yakan taɓa haihuwa. Ya ba ni ƙwayoyi, ya gargaɗe ni za su wahalar da ni, ya kuma ce in na koma kududdufi to na koma gidan jiya.

Na tuƙo keke gida kamar na ci yaƙi. Na kira amarya bayan rumbu na zayyana mata: katantanwa, tsutsa, ƙwai, madubi. Ta saurara har na gama.

"Tsutsa ta huda ka ba ka ji ba. Ta yi ƙwai a cikinka kamar zabuwa."

"Haka likita ya ce."

"Malam, kai ne fa ka ce mini ka wanke rago har mai shi ya taya shi. Kai ne ka ce akuya ta yi kwana uku ba ta gaisuwa. A cikin maganarka wacce zan ɗauka?"

Ranar na gane bakina ya ci mini amana. Gaskiya ɗaya tilo da na taɓa kawowa gida ba gishiri, ita ce ta fi kama da ƙarya. Ban yi fushi ba, don tana da hujja. Na je na durƙusa gaban Inna, kaina a ƙasa, na ce ina roƙon ta raka mu Gumel, akwai maganar da nake so amarya ta ji daga bakin masu ita. Inna ba ta tambayi wace magana ba. Ta ce kawai, "Da ma ƙafafun nan nawa sun gaji da matsa."

Muka tafi mu uku a mota, ina ta amai saboda ƙwayoyin, ina leƙa kai ta gefe ina sa wa kowane ƙauye albarka. A asibiti likita ya haɗa su da wata nas, babbar mace, suka shige ɗaki aka bar ni a waje kan benci. Sun daɗe. Daga baya na ji cewa amarya ta yi tambayoyin da ko alƙali bai yi ba: shin ana ɗauka daga mace, shin ita za ta ɗauka daga gare ni, shin za mu haihu. Nas ta ce mata daga ruwa ake ɗauka ba daga shimfiɗa ba, kuma tunda an kama shi da wuri, in sha Allahu ba abin da zai hana. Ba ta yarda ba sai da aka ɗora mata ido a madubin ta ga ƙwan da kanta, mai ɗan tsini a gindi.

Muka iso gida da la'asar, amarya ta shige ɗakin Inna, ni kuma na zauna a tsakar gida ina jiran hukunci. Can sai ga ta da tabarma a hammata, matashi a ka. Ta wuce ni za ta shiga ɗakinmu, ta tsaya.

"Na gan su," in ji ta. "Ƙanana ne ƙwarai. Saura in ji ka a dandali kana cewa sun kai ƙwan jimina."