Rubutun da Na Ɗauko daga Khaibar

Al-Awali. Mun bar gona ƙarfe biyar da rabi, ana idar da asuba. Baba Sale, shugaban ma'aikatan lambu, wanda ya tsaya mini na samu aikin nan, shi ya aike ni in kawo dashen lemun tsami ashirin. Ya ce, "Ɗana, ka duba ganye kafin ka loda." Na ce to. Direbanmu Usman ne, Bahaushen Sudan. A shingen bayan gari aka duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, muka wuce.

Khaibar. Ƙarfe takwas muka isa. Mai dashen, wani dattijo ɗan Chadi, ya ba mu shayi da dabino. Ina duba ganye sai na ga zane fari siriri yana lanƙwasa kamar ajami. Na ɗauka rubutun albarka ne.

"Baba, wa ya yi wannan?"

Ya yi dariya. "Aikin malam ne. Malam-buɗe-littafi. Ajiye waɗannan, ɗauki na can."

Ni "malam" kaɗai na riƙe. Na ce a raina dattijon nan rowar albarka yake yi. Da ya juya, na cusa shida masu rubutun cikin lodi.

Usman ya gani. "Ya zol, mutumina, tsutsa ce fa! Wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ke ƙwai a kan toho, 'yarsa ta shige cikin ganye tana ci tana tafiya. Sawunta ke nan."

Na ce, "Kai riƙe sitiyarinka." Kunya ce ta hana ni sauke su.

Komawa. Azahar muka iso lafiya, alhamdulillahi. Na dasa shidan nan a tsakiyar ƙananan lemun da Baba Sale ya yi shekara biyu yana reno.

Bayan 'yan makonni sabon toho duk ya nannaɗe, ya bushe. Mai gona ya tsare Baba Sale a gabanmu: "Ya shaiba, ka tsufa, idonka ya gama aiki." Ya mayar da shi gadin ƙofa. Ina tsaye, na ɓoye laifina.

Jiya na faɗa wa mai gona gaskiya, sannan na je bakin ƙofa na durƙusa. Baba Sale ya ce, "Na sani, Usman ya gaya mini tun ranar. Jira nake ka zo da ƙafarka."

Na gode masa. Har yau dai a ƙofa yake.