Hannun Rigar Baba Kafinta

Gwaggona kyandir mai ƙamshi take yi a ɗakin baya. Takan narkar da kaki a tsohuwar tukunya, ta zuba a ƙananan kofunan gilashi. Wannan ba ya ba ta wuya. Zaɓen turare ne aikin, domin da ta shinshina kwalba uku sai hancinta ya daina rarrabewa, ƙamshin lemo da na fure su zama ɗaya.

Maganin abin yana wurin mijinta, Baba Kafinta. Sai ta ƙwala masa kira, ya zo yana mita, ya miƙa hannu. Ta cusa hanci a hannun rigarsa mai warin katako da gumi, ta ja numfashi, hancin ya dawo daidai.

"An dai mayar da ni tsumman goge hanci," yakan ce.

Da ya rasu bara, ba mu ga hawayenta ba. 'Yan gaisuwa na watsewa ta koma aiki. Ta rataye rigar aikinsa a ƙusa kusa da kwalaben, tana shinshina turare tana komawa kan rigar.

Rannan 'yarta ta zo ta yi mata shara da wanki. Da na shiga, na tarar da rigar a ƙusarta fes, har da guga. Gwaggo ta kai ta hanci sau ɗaya, ta sake ta.

"Wanne za a zuba yau, Gwaggo?" na tambaya.

Ta ce, "Miƙo wanda ke kusa da ke."