Sawun Kaza a Wuyan Tulu

Ba zan taɓa manta ranar da wata tsohuwa mai ginin tukwane ta yi mini tambayar da na kasa amsawa a gaban 'yan ajinmu ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a sashen koyon zane, a nan Abuja. Hannuna ya faɗa, kowa ya shaida, sai dai duk abin da nake zanawa daga waya nake kwafowa: gidajen Turawa cikin ƙanƙara, jiragen ruwa, tsuntsayen da ban taɓa gani ba. Sau biyu malaminmu yana dawo mini da aikin kammalawa. Ya ce in na uku ya zo haka, sai dai in maimaita shekara. Ni kuwa gani nake tsana ta kawai ya yi.

Ana cikin haka ya gayyato tsohuwar daga wani ƙauye kusa da Kwali, ta yi mana magana. Aka ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa da tulunta. Wani zane ne ya kewaye wuyan tulun, layi uku-uku kamar rassa. Na yi ta kallonsa, na rasa ko mene ne. Da na kasa haƙuri na ɗaga hannu.

"Mama, wannan zanen a ina kika samo shi?"

Ta yi dariya, ta amsa da irin Hausarsu. "Kazana ne ya yi. Na kwaɓa yumɓu na ajiye, ya zo ya taka. Na ɗauki sanda zan kore shi, sai na ga ashe ya fi ni iyawa."

Aji ya fashe da dariya. Sai ta dube ni. "To kai, 'yata, wa ka fara gani yau da safe?"

Na ce gwaggota ce, tela, wadda nake zaune a wurinta a Gwarimpa.

"In yana ɗinki, yaya yake yi da bakinsa?"

Shekara shida ina gidan matar nan, kullum ina wuce kekenta, amma wallahi ban sani ba.

A mota ina ta tunanin abin har na isa gida. Na ja kujera na zauna gefen Gwaggo, na zuba mata ido. Ashe allurai uku take riƙewa a gefen baki, ta karkata kai hagu, ta kanne ido ɗaya. A yatsanta akwai wani tsohon tabo, da na tambaya ta ce tun tana koyo allurar keke ta huda shi.

"Ke lafiya kuwa? Yau kika fara ganina?"

Na ce e. Ta ɗauka wasa nake.

Kwana goma sha biyu na yi ina zana ta, tana mita wai na sa bakinta ya karkace. Da na kai wa malam zanen, ya tsaya yana ta kallonsa. Can ya ce, "Wace ce wannan? Ina son sanin ta." Na ci, ban maimaita ba.

Yanzu ni ma ina koyarwa. Abin da na koya ran nan shi ne, iya riƙe fensir ba ya isa. Sai mutum ya zauna ya kalli na kusa da shi, har ya ga abin da zai tambaye su.