Fayafayan Radko Mai Garmaho

Duk auren da aka ɗaura a ƙauyenmu, Radko ne yake sa mutane rawa. Da rana yana fasa dutse, ranar biki kuma ya ɗauko garmahonsa, wato akwatin kiɗa, da fayafayai a baro. Daga baya matasa suka watse ƙasashen waje, biki ya ƙare, ƙarar nakiya kuma ta cinye masa kunne.

Da matarsa ta rasu, 'yarsa Tsveta ta zo daga Jamus. "Baba, ɗakina ba zai ɗauki wannan tarkacen ba. Ka sayar mu tafi."

Ya ƙi, har sanyi ya kwantar da shi, sannan ya yarda. Wani saurayi ya zo daga birnin Plovdiv da mota don ya saya.

Radko ya tambaye shi, "Yaro, wanne za ka fara ji?"

"Wa zai ji su, kaka? A bangon mashayata zan kafe su."

Radko bai ji ba, sai ya dubi 'yarsa. Ta ɗaga murya a kunnensa: "Ya ce duka!"

Tsohon ya yi murmushi, ya taya su lodi. Bai shekara a Jamus ba ya rasu.