Mukhtaru Mai Ruwa a Bakin Maliya

A lungunan Misfala, wata unguwa a Makka, muryar Mukhtaru ake fara ji kafin a gan shi. "Gafaranku dai masu gida, ga ruwa." Sai ya maimaita da Larabcinsa da bai taɓa miƙewa ba, don matan gidan su ja mayafi. Daga nan sai kukan garwa biyu a kan sandar da ke kafaɗarsa, yana hawa bene a hankali. Tun yana saurayi aikinsa ke nan, daga bazan, wato matattarar ruwan unguwa, zuwa randunan mutane. Sandar ta yi masa kanta a kafaɗa har ta kai ba ya jin cizon sauro a wurin.

Yana yaro ya baro wani ƙauye a ƙasar Kazaure tare da mahaifinsa, a ƙafa. Sun yi ƙodago a Cadi, sun tsinci auduga a Sudan, sannan suka ƙetare Bahar Maliya a cikin jirgin katako, an lulluɓe su da tabarmi a ƙasan jirgin kamar buhunan dawa don kada masu tsaron gaɓa su gan su. Shi ya sa yakan ce ya ƙetare teku amma bai san kamanninsa ba, warinsa kawai ya sani. Uban ya sauke farali, ya kwanta dama a Makka kamar yadda ya roƙa. Ɗan ya zauna, ya ɗauki garwa, ya auri Rabi'atu, 'yar mutanen Damagaram, wadda ke yi wa manyan gidaje dakan yaji da hatsi. Mace ce mai baki. Maƙwabta kan ce taɓaryarta da harshenta ba a san wanda ya fi wani sauri ba.

'Ya ɗaya Allah ya raya musu, Asiya. Suka aurar da ita a unguwar Tandabawi, shekara ta kewayo, ta rasu wajen haihuwa ita da abin da ta haifa. Wannan ya faru ne bayan yaƙin Turawa ya lafa da 'yan shekaru.

Rabi'atu ba ta yi kururuwa ba. Ta karɓi gaisuwa, ta yi sadaka, ta ci gaba da shara da girki. Abinci ne kawai ta bari. Takan ajiye wa Mukhtaru akushinsa, in ya ce, "Rabi, naki fa?" sai ta ce, "Na ci, Malam." Ya leƙa tukunya ya ga ba ta ci ba. Sai ɗan shayi da ruwan Zamzam. Awarwaron da ke wuyan hannunta ya fara gangarowa har gwiwar hannu in ta ɗaga hannu tana addu'a. Ya sayo mata tsire mai zafi daga bakin kasuwa, ta raba wa yaran maƙwabta. Ya karɓo rubutu, ta shanye don kada ta ɓata masa rai. Ya kai ta asibiti, likita ya duba ido ya duba harshe, ya ce ba cuta a jikinta, a canza mata iska.

Masu hali Ɗa'ifa, garin kan duwatsu mai sanyi, suke tafiya shan iska. Mukhtaru bai san kowa a Ɗa'ifa ba. Tijjani direba ya sani, maƙwabcinsu, haifaffen Makka, magidanci mai iyali, wanda ke kai fulawa da kananzir da sukari ƙauyukan bakin teku a babbar mota, ya dawo da busasshen kifi.

"Ya ammi, ka zo da Inna, akwai wuri a gaban mota," in ji Tijjani, wanda ke ce masa ammi, wato baffa da Larabci.

"In je in yi me?"

"Ka zauna. Ka kalli ruwa."

"Ai ruwa nake kallo tun asuba."

"Wannan ba a ɗaukarsa, ammi. Shi ne daɗinsa."

Da ya kai wa Rabi'atu maganar, sai ta dube shi ta gefen ido. "Malam, mutane na sayar da gonakinsu su tako shekara da shekaru don su iso garin nan, kai kuma za ka fice daga cikinsa yawon shan iska? Da furfurarka?"

Rabon da ta jera masa magana mai tsawon haka tun ranar jana'iza. Ya sunkuyar da kai don kada ta ga daɗin da ya ji. "Ni nake son gani," ya ce. "Kuma ban iya tafiya ni kaɗai ba."

Da safe ya tarar ta ɗaure zannuwanta a ƙunshi.

Watan Safar ne, alhazai sun watse, gari ya yi sauƙi. Ya damƙa gidajen da yake kai wa ruwa a hannun abokin aikinsa Dawuda, yana ta jaddada masa wane gida ne ke da tsohuwa mai faɗa, wane ne matakalarsa ke santsi. Ya jingine sandarsa a bayan ƙofa. Bai taɓa fita daga gida da rana kafaɗa ba komai ba, har ya riƙa tafiya a karkace.

Hanya ba kwalta, sai sawun motoci a rairayi. Bayan la'asar suka hau wani tudu a wajen Shu'aiba, sai ga teku nan shimfiɗe, kore a kusa, shuɗi a nesa, har ya haɗe da sama. A bakinsa 'yan bukkokin kaba, ƙananan kwalekwale a kife, koma a shanye a kan itatuwa. Mukhtaru ya sauko, ya tsaya yana kallo.

"Duk wannan," ya ce daga baya, "kuma ba mai saye."

Ba su gama miƙe ƙafa ba sai ga wata tsohuwa ta fito da gudu-gudu riƙe da salka, ta dangwara a gaban Rabi'atu. Wani dattijo ya biyo da dabino a tafin hannu, yana yi musu barka da tsira. Ya kama kafaɗar Mukhtaru ya juya shi baya ga teku, ya nuna masa duwatsu can nesa. Makka tana can, in ji shi, ku yi haƙuri, kun kusa, ku bi sawun raƙuma kada ku bi rana.

Tijjani ya riƙe ciki yana dariya. Da ƙyar ya bayyana wa dattijon cewa waɗannan daga Makka suke, a motarsa ya kawo su, kallon teku suka zo. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce tun yana yaro yake ganin Takaru, wato baƙaƙen fata maniyyata, suna fitowa daga teku su nufi Makka, bai taɓa ganin wanda ya fito daga Makka don ya zo ya zauna a bakin ruwa ba. In suna jin kunyar karɓar sadaka ne, su daina, baƙon Allah ba ya kunya.

"Me yake cewa?" Rabi'atu ta tambaya, ko da yake ta ji sarai.

"Wai mun kusa Makka," in ji Mukhtaru.

Gefen bakinta ya ɗan motsa. Amma da aka kawo gasasshen kifi da shinkafa, ta gutsiri kaɗan, ta jujjuya shi a yatsa, ta miƙa wa wata kyanwa.

Ƙauye na biyu ya fi kyau. Gidajensa da farin dutsen teku aka gina su, mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma. Akwai itatuwa da suka tsiro a cikin ruwan gishiri, raƙuma na shiga har ƙirji suna cin ganyensu. Wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, masu launin jan lalle da ya koɗe, sun tsaya da ƙafa ɗaya. Nan ma aka tare su da salka da dabino, aka nuna musu hanyar Makka. Wannan karon Mukhtaru godiya kawai ya yi.

Ya riƙe hannun Rabi'atu, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya kai ta inda ruwa ke lasar rairayi. Ta tsoma ƙafa. Shi kuwa hali zanen dutse, ya kamfaci ruwan da tafi ya kai baki don ya ji irinsa. Ya furzar yana tari.

"Da ka sani ka taho da garwarka," ta ce. "Ka kai wa tsohuwar nan mai faɗa."

Ya yi dariya har da ƙwalla, yana jiran lokacin cin abinci kamar mai jiran shan ruwa a azumi. Da lokacin ya yi, ta ture kwanon. "Na ƙoshi da kallo, Malam."

Washegari da za su hau mota ƙafarta ta ƙi ɗagawa, sai da ya ɗauke ta. Mutum ne da ya san nauyin abu da zarar ya taɓa, kuma abin da ya ji a hannunsa bai kai garwa biyu ba. Tsoro ya kama shi. Iyayenta sun tako daga Damagaram don su kwanta a Makka, 'yarta na kwance a can. In ta cika a nan, a rairayin da ba ta san kowa ba za a sa ta, kuma shi ne ya fito da ita da ƙafarsa.

"Tijjani," ya ce a hankali, "ka sauke kayan ƙauye na gaba mu juya."

"To, ammi."

Ƙauyen na kusa da garin Lis ne, a bakin wani kwari inda ake noman gero. Aka shimfiɗa wa Rabi'atu tabarma a inuwar wata bukka tare da matan gari. Rana ta ɗaga, Tijjani na sauke buhuna, sai aka hango wasu mutane tafe ta bakin ruwa, suna jan ƙafa, ƙunshi a ka. Baƙaƙe ne, tufafinsu sun yi fari da gishiri. Mai jirgi ya sauke su can kudu a inda ba kowa, suka biyo gaɓa. Mutanen gari suka ruga da salkuna.

A cikinsu akwai wata matashiya da mijinta ke tallafe da ita. Aka zaunar da ita a inuwar nan, aka kawo mata kifi da shinkafa. Ta kau da kai, ta ƙudundune cikin mayafi, matan na yi mata magana ba ta jin ko kalma ɗaya. Can ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wayyo Inna."

Rabi'atu ta ɗago. "Yarinya, 'yar wane gari ce?"

Matashiyar ta zabura, ta dubi tsohuwar da ke kwance da shigar matan Makka. "Tasawa," ta ce. "Sunana Sa'adatu."

"Rabonki da abinci?"

"Tun da muka shiga jirgi ba abin da ke zama."

"Shi ne za su ba ki kifi? Waɗannan ba su san ciki ba." Rabi'atu ta dafa ƙasa ta zauna. Ta juya ga matan gari da Larabcinta na masu daka, wanda ya saba ba da umarni a ɗakin girkin manya. A kawo gero, a kawo dutsen niƙa tunda ba su da turmi, a kawo tsamiya. Sannan ta ɗaga murya. "Malam, kana tsaye? Ruwa nake so, mai daɗi, ba na salkar nan mai warin akuya ba."

Rijiyar garin na can cikin kwari. Mukhtaru ya ari tulu ya tafi, ya dawo yana haki. Ya tarar ta durƙusa a kan dutsen niƙa, wata matar gari na taya ta turawa, ita kuma tana yi mata gyara. Ba a daɗe ba ƙamshin kunun tsamiya ya tashi. Ya zagaya bayan bukkar ya zauna inda maza suke, kusa da mijin yarinyar, ya jingina da kaba. Ba ya ganin su, amma yana jin komai.

"Ungo, sha. Da zafinsa."

"Inna, ki fara."

"Ni na ƙoshi."

"To ni ma na ƙoshi."

"Ke da leɓenki ya tsattsage? Karɓi ludayin nan kafin in saɓa miki."

"Ki saɓa min, Inna. A gidanmu ba a kai wa baki kafin babba. In uwata ta ji na sha kina kallo, ba ta yafe min."

"Uwarki na Tasawa, wa zai kai mata labari?"

"Allah na gani."

Mukhtaru ya kasa kunne.

"Kai, mutanen Tasawa da taurin kai. Kawo."

Ya ji ludayi ya taɓa kwano. Ya ji an hura, an kurɓa.

"Tsamiyar ta yi kaɗan. To, na sha, karɓi."

"Ɗaya ke, ɗaya ni, Inna."

"Ciniki muke?"

"In kin tsaya, na tsaya."

Tijjani ya zo yana kaɗe hannu. "Ammi, na gama, in kun shirya sai mu..."

Mukhtaru ya kama bakin rigarsa ya jawo shi ƙasa, ya ɗora yatsa a leɓe. Suka zauna, manyan maza, suna sauraron ludayi yana zuwa yana dawowa, har ya fara kankarar gindin kwano. Sa'adatu na ba da labarin hanya, Rabi'atu na katse ta da tambayoyi. Har yanzu ana cin kasuwar Tasawa a inda take? Wa ya yi mata wannan kitson? In sun isa Makka wa suka sani? Ba kowa? To, Misfala za su sauka, kada ta bari mijin nan nata ya kai ta wani wuri.

Can muryar ta ratso kaba. "Malam, na san kana nan, ina jin tarinka."

"Ina nan, Rabi."

"Kifin nan da suka kawo ɗazu, ka duba ko ba su ɗauke ba. A ɗumama. Yarinyar nan kunu kawai za ta sha yau, kada a yi asararsa."

Mukhtaru ya miƙe, ya goge fuska da hannun riga, ya nufi wajen murhu. Ya ɗan yi gaba, ya waiwayo.

"Tijjani, kashe motar. Sai gobe ma juya."