Rantsuwar da Yakaka Ba Ta Yi Ba

Duk wanda ya zauna Kwaciri ta Fagge a shekarun alif ɗari tara da hamsin ya san Yakaka mai turare. In bai san fuskarta ba, ya san ƙamshin lungunta. Babarbariya ce. Ubanta ya zo fataucin kanwa daga Dikwa tana goye a bayan uwarta, ya sauka Fagge, bai sake komawa ba. Ta tashi da Hausa a bakinta kamar kowa, Barbarci kuwa sai ranar da aka ɓata mata rai. Sana'ar uwarta ta gada, haɗa turaren wuta da humra, kuma ba a kai amarya a Fagge ba tare da kwalbar Yakaka a cikin kaya ba.

Abu guda aka san ta da shi bayan turare: ba ta rantsuwa a ciniki. In ta ce miki humrar nan ta kwana wata shida a rufe, to ta kwana. Mai saye in ta ce, "Inna, ki ce wallahi," sai ta karɓe kwalbarta ta mayar cikin kwando. "Je ki inda ake rantse miki," shi ke nan amsarta.

Mijinta Abdulgani maɗinkin hula ne, mutum mai sanyin hali. Shekarar da suka yi aure ya kira masu haƙa suka haƙa rijiya a kusurwar filinsa, wajen da ya yi iyaka da wani kango. Da ya tashi yin katanga sai ya ja ta ciki, ya bar rijiyar a waje da gangan, don kada matan unguwa da 'yan aike su tsaya sallama kafin su ɗebi ruwa. Sadaka ya yi nufi. 'Ya'yan da suka haifa ba su zauna ba, shi ma ya bi su, aka bar Yakaka da gida da rijiya. Ita ke share bakinta kowace safiya, ita ke sauya igiya in ta tsinke, ita ke kiran masu yasa in ruwa ya ja baya. Ba ta taɓa cewa mijinta take tunawa ba, amma kowa ya gane.

Sai Hambali ya sayi kangon. Fatoma ne, mai saukar fatake, ya gina ɗakuna ya cika su da baƙi da jakuna da raƙuma. Dabba kuwa ruwa take so. Da fari roƙo yake, "Inna, a ba mu guga." Ba a daɗe ba ya zo da maganar cewa wanda ya sayar masa ya nuna masa iyaka, kuma rijiya tana cikin rabonsa, zai zagaye ta.

"Hambali," in ji Yakaka, "ranar da aka haƙa rijiyar nan ko wando ba a fara sa maka ba."

"Ni dai abin da na saya na sani, Inna."

"To ka saya wajen wanda ba shi da ita."

Mai unguwa ya yi ƙoƙarinsa. Amma masu haƙar sun mutu, dattawan da suka ga aikin sun mutu, wanda ya sayar da kangon ya yi gabas aikin hajji a ƙasa, ba a san inda yake ba. Hambali ya kai ƙara gaban alƙali, aka kawo wa Yakaka sammaci. Mace ce da ba ta tsoron kowa a lungu, amma ba ta taɓa taka ƙofar kotu ba, kuma babu ɗa babu ƙane da zai tsaya mata. 

A cikin masu sayen humrarta akwai Martina, 'yar Wusasa, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune Sabon Gari. Yarinyar kirki ce, kuma don Allah ta ba da shawarar.

"Inna, Hambali yana da mutane, ke ba ki da kowa. Ki ɗauki lauya. Akwai Lauya Alfred, a Ingila ya yi karatu. Shi ya fitar da ƙanen maigidana da aka ce ya saci kaya a tasha. Ko Turawa shakkarsa suke."

Washegari Yakaka ta yafa mayafinta mai kyau ta bi Martina, suka wuce kantin Bata, suka shiga Sabon Gari, suka hau wani bene. Littattafai tun daga ƙasa har rufi. A jikin ƙusa ga baƙar riga, ga wata hula mai kama da gashin tunkiya. Lauyan ba ya jin Hausa sai "sannu", don haka akawunsa Zacchaeus, mutumin Zariya, shi ke yi musu tafinta. Abin da ta bayar kafin a ce ta zauna ba shi ne abin faɗa ba. Mundayen azurfar uwarta dai ba a sake ganinsu a hannunta ba.

Ta fara ba da labari tun daga ranar haƙa. Ba ta kai ga katanga ba lauya ya ɗaga hannu ya yi magana.

"Inna, ya ce shi ba ya shiga kotun alƙali," in ji Zacchaeus. "Doka ta hana lauya tsayawa a can."

"To me na zo yi nan?"

"Ya ce ki kwantar da hankalinki. Waccan ƙaramar kotu ce. A bar su su gama nasu, sai mu ɗaukaka ƙara ta hau sama har ta iso inda yake tsayawa, a nan zai yi kaca-kaca da su. Abin da yake so da ke guda ne: kada ki ɓata masa shari'a tun daga ƙasa. Kada ki amsa komai, kada ki dangwala hannu a komai, kada ki rantse a kan komai."

 Yakaka ba malama ba ce, amma a Fagge ta girma, ta sha jin an ce wane ya rantse ya tafi da gonarsa.

"Ɗan nan, tambaye shi. In alƙali ya ba ni rantsuwa fa? Gaskiyata ce, ina iya dafa Alƙur'ani a kanta."

Lauya ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro, ya yi doguwar magana yana buga alƙalami a tebur.

"Ya ce nan ne tarkon yake. Duk abin da kika faɗa da rantsuwa za a riƙe a yi amfani da shi a kanki a sama. Za su tsorata ki, za su ce in kin ƙi kin faɗi. Kada ki ji. Shi ya san doka."

Jama'a, mutumin nan bai tambayi wa ya haƙa rijiyar ba. Bai taka ƙafarsa ya zo Kwaciri ya leƙa ta ba, tafiyar da ko tsohuwa take yi a ƙasa. Abin da ya fi muni, bai tambayi kowa yadda ake yanke hukunci a kotun da yake tura ta ba. Ga malamai birjik a Fagge, ko mai sayar da goro a bakin kotun da ya tambaya da ya gaya masa. Bai sani ba, kuma girman kai ya hana shi cewa bai sani ba. Da ya ce, "Baiwar Allah, wannan ba fagena ba ne, koma unguwarku ki nemi malami," da ya rasa mundaye, ita kuwa da ta tsira da rijiyarta.

Ranar shari'a ta zo. Yakaka ta durƙusa gefe guda, Hambali gefe guda. Alƙali dattijo ne mai magana a hankali. Ya ji ta bakin Hambali, ya ce ya kawo shaidu. Hambali ya yi 'yan kame-kame, babu wanda ya ga an auna iyaka. Alƙali ya juyo.

"Baiwar Allah, rijiya tana hannunki shekara da shekaru, shi kuma bai kawo shaida ba. Abin da ya rage ki yi alwala ki rantse cewa ta mijinki ce, ki tashi ki tafi gida."

Ki tashi ki tafi gida. Iyakar abin da ya rage ke nan tsakaninta da rijiyarta. Har ta buɗe baki za ta amsa. Sai ta tuna littattafan nan har rufi, ta tuna an ce za a tsorata ta.

"Allah ya gafarta malam, ba zan rantse ba."

 Alƙali ya dube ta da kyau.

"Ko akwai lalurar mata da ta hana? Sai a ɗaga zuwa wata rana."

"Na wuce nan, Allah ya gafarta malam. An ce kada in rantse."

"Wa ya ce?"

"Lauyana."

"Lauyanki ya gaya miki cewa in kin ƙi, rantsuwa za ta koma kan mai ƙara, in ya yi kuma ya ci?"

"Ya ce za a ce haka."

Alƙalin nan bai cuce ta ba, wannan kam a faɗa. Ya maimaita mata, ya sake maimaitawa, har ya ce ta fita ta sha iska ta yi tunani. Ta fita, ta dawo, ta ce tana kan bakanta. Matar da ta ƙi yi wa 'yan ciniki rantsuwa don ta fi ƙarfin a yi shakkarta, yau ga ta tana ƙin rantsuwa a gaban jama'a kamar mai ɓoye wani abu. Aka juya ga Hambali. Ko minti bai ɓata ba ya nemi buta. Ko ya yarda da abin da mai kango ya gaya masa ne, ko ƙarya ya dafa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ya rantse, aka ba shi rijiya.

Da ta koma benen, lauya har tafa hannu ya yi. Zacchaeus ya ce, "Ya ce madalla, haka ake so, yanzu aka fara." Aka ɗaukaka ƙara zuwa gaban babban alƙali, inda nan ma lauya ba ya shiga. Ba a daɗe ana magana ba. An ba ki rantsuwa? An ba ni. An gaya miki abin da ƙi zai jawo? An gaya mini. Kin ƙi? Na ƙi. To me aka yi miki ba daidai ba? Ba su suka yi mata ba, aka bar hukunci yadda yake.

Tun daga nan lauya ya fara wuyar gani. Yau yana Kaduna, gobe yana kotu, jibi yana hutawa. Damina ta wuce tana hawa benen nan da gwiwarta mai ciwo. A Kwaciri kuwa maginan Hambali sun fara kwaɓa ƙasar zagaye rijiya. Kuma magana ta fara yawo a gidajen biki: in da gaskiya gare ta me ya hana ta rantsewa? Waɗanda suka sha ruwan nan tun suna yara, da bakinsu aka faɗa.

Ranar da katanga ta rufe, yaran Hambali suka jefo mata gugarta da igiya ta saman gida. Ta naɗe igiyar, ta ɗora a ka, ta nufi Sabon Gari. Ba ta tsaya a ce mata ba ya nan ba, ta tura ƙofa. Yana nan, yana shan shayi.

Ya yi magana ba tare da ya dube ta ba. Zacchaeus ya sunkuyar da kai kafin ya fassara.

"Inna, ya ce ya bincika. Ya ce tun da an bi ƙa'idar waccan kotun daidai, ko an kai sama da wuya a taɓa hukuncin. Ya ce... me ya sa ba ki gaya masa tun farko cewa a wajenku rantsuwar ita ce shari'ar ba?"

"Ni zan gaya masa?"

"Haka ya ce, Inna."

"Ɗan nan, kai ne ka fassara, da kunnenka ka ji. Na tambaye shi ko ban tambaye shi ba?"

Zacchaeus ya ƙara sunkuyar da kai.

"Gaya masa ni turare nake haɗawa. In mace ta zo ta ce in yi mata maganin ciwon ido, cewa nake ban iya ba, ta tafi asibiti. Ba na karɓe mata munduwa in zuba mata humra a ido. Gaya masa haka, kada ka rage ko kalma."

Ko ya rage ko bai rage ba, lauya dai kafaɗa ya ɗaga. Ta sauke gugar ta dire masa a kan tebur, kan takardunsa, har shayin ya fantsama. Sauran abin da ta faɗa da Barbarci ta faɗa, babu mai fassara shi a ɗakin. A bakin ƙofa ta juyo ta koma Hausa.

"Ya ajiye. Ranar da ƙarar ta iso inda yake tsayawa, sai ya ja ruwa da ita."

Martina ta zo har gida tana kuka tana neman gafara. Yakaka ta ce, "Tashi, 'yar nan, ke alheri kika nufa," ta ba ta humra kamar kullum. Lauya Alfred kuwa babu abin da ya same shi. Bayan 'yan shekaru ma ya koma wani bene da ya fi wancan girma.

Yakaka ta ci gaba da sana'arta har ƙarfinta ya ƙare. Ruwa sai na 'yan ga-ruwa daga famfo, ita da sauran matan lungun, har da masu cewa me ya hana ta rantsewa. Hambali ya taɓa aiko mata cewa in tana so a riƙa ba ta tulu guda kullum. Ta ce a gaya masa ta gode, ba a yi mata sadaka da sadakar mijinta.

Ɗakinta yana jikin katangar. Kowace safiya tana zaune tana daka kajiji sai ta ji guga ta faɗa ruwa a ɗaya gefen, ta ji ana ja, ta ji jakuna suna sha. In ta ji igiyar tana gurzar itacen da Abdulgani ya ɗaure bakin rijiyar da shi, takan dakata da dakan ta ɗaga murya.

"Kai mai ja! Matsa hannun dama, za ka cinye itacen!"

Wani lokaci su matsa, wani lokaci su yi dariya.