Abiti Mbwana Ba Ta Zauna Ba

Da hantsin Talata, tara ga Satumba, aka kira ni a gidan rediyo aka ce Abiti Mbwana, shugabar mata masu shanya kifi a bakin tabkinmu na Mangochi, ta rasu. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa.

Achemwali, haka nake kiranki, domin yayata ce ke a komai ban da jini. Zan faɗi ciwonki yadda yake, tunda kin tsani a ce "ta yi fama da jinya" a wuce. Tarin tibi ya warke, amma ya bar tabo a maƙogwaronki. Hanyar iska ta tsuke, guringuntsin da ke riƙe ta ya yi laushi, har takan manne in kika fitar da numfashi. Shekaru ana ba ki maganin asma kafin a gane. Daga ƙarshe aka huda wuyanki aka sa bututu. Sai kin toshe bakinsa da yatsa kike magana, ita ma guntu-guntu.

A haka kika riƙa zagaya rumfuna. In kika ji yarinya na numfashi da ƙara kamar usur, sai ki ja hannunta zuwa asibiti. Ɗiyar maƙwabcina tana raye yau saboda wannan naci.

Bara mai gari ya kira taro ƙarƙashin mangwaro, a kan a tashi gadajen da mata ke shanya kifi daga bakin ruwa, a gina masaukin baƙi. Da kika miƙe, Che Ndembo, mai magana da yawun masu ginin, ya ce:

"Haba, a tausaya mata. Ɗanta ya faɗa mana abin da ke bakinta kawai, kafin kifin ya ruɓe."

Kika ɗora yatsa a wuya. "Achimwene, ɗan'uwana. Maƙogwaronka a buɗe yake. Me ya taɓa fitowa?"

Har mai gari sai da ya sunkuyar da kai yana dariya.

A wurinmu ba a katse wanda ke tsaye, kuma ba a yanke magana sai ya zauna. Kin san haka. Kika ambaci matan da ke ci daga gadajen nan ɗaya bayan ɗaya, da 'ya'yansu, kina hutawa kina goge bututun da gefen zanenki. Aka kawo kujera, ba ki ko kalle ta ba. Aka kira la'asar kina tsaye, dole aka ɗage taron. Duk zaman da ya biyo baya haka ya ƙare.

Na ji an sa wani taron bayan sadakar arba'in, wai yanzu fili ya samu. Masu wannan lissafi su sake tunani. Jiya matan sun je wurin mai gari, sun tuna masa cewa Abiti Mbwana ba ta zauna ba, kuma akwai wadda za ta ɗora daga sunan da kika tsaya a kai.

Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanki Twaibu, da 'yan'uwanki, da matan bakin ruwa. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya ba ki iskar Aljanna ki shaƙa a wadace. Amin.